Namijin Zuma Ya Dafa Giya

A ƙauyenmu na Lipovka, cikin tsaunukan Sloveniya, idan ba ka kiwon zuma ba a cika neman ra'ayinka a kan komai ba, ko da a kan hadari ne. Mu mutane ne da za mu yafe maka ka zagi kakanmu, amma ba za mu yafe maka ka zuba sukari a zuma ba. Ba yabon kanmu nake yi ba, haka dai Allah ya yi mu.

Silvo Kobal shi kaɗai ne magidancin da ba shi da amya ko ɗaya. Matarsa Albina ce ke da su, ta gaje su daga mahaifinta, suna jere a ɗan ɗakin katako bayan gida, kuma baƙar zumarta ta kurmi ba ta da ta biyu a duk kwarin nan. Shi kuwa gogan, tun da ya ajiye tuƙin bas saboda ciwon baya, aikinsa biyu ne: lasar zuma da ba da labari. Ƙudan zuma ɗaya ya gifta, sai ya bar maka magana a rabi ya faɗa ɗaki. Shi ya sa muka laƙaba masa Namijin Zuma, wato ƙaton nan na cikin amya da ba ya ɗebo komai, ba ya harbi, sai ci da ƙugi, wanda ma'aikatan ke jefowa waje da zarar furanni sun ƙare. Silvo yakan yi dariya idan an kira shi haka, amma sunan na ci masa rai ƙwarai.

A ƙarshen watan Agusta Albina za ta cika shekara hamsin. Duk wanda ya cika hamsin a wurinmu, maƙwabta sai sun kafa masa mlai a ƙofar gida, dogon itacen nan da ake saɓule wa ɓawo a bar masa tukku a ƙoli, kuma masu gida ne ke shayar da masu ɗagawa. Danilo, maƙwabcinsu, shugaban 'yan kashe gobara na sa-kai, shi ke ba da umarni a wurin ɗagawar. Shi ne ya leƙo ta kan shinge wata safiya.

"Namijin Zuma, me za ka ba mu ranar? Ko kwalaben kanti za ka jero ka ce ai kai ka buɗe su?"

Silvo ya gyara tsayuwa ya ce, "Giya zan dafa. Da hannuna."

"Kai? Kai da shayi ma Albina ke dafa maka?"

"Danilo, na yi shekaru ina kai mutane ƙasar Cek da bas. Na shiga gidajen giyar da ko a mafarki ba ka taɓa gani ba."

"Ka shiga ka sha, ba ka shiga ka dafa ba."

"Wanda ya sha da hankali ai ya koya. Ka jira ka gani. Giyar zuma zan yi muku, irin wadda za ku sha ku manta sunan da kuke kirana."

Kafin azahar Pavla, matar Danilo, ta kai labarin har gidan ƙarshe. Komawa baya kuma babu.

Washegari ya shiga gari ya dawo da farin duro na roba, da gwangwanin ruwan sha'ir mai kauri, da ƙunshin yis. Mai shagon ya haɗa masa da ledar sukari, ya ce a zuba tare. Silvo ya jefa ledar can bayan tayoyi a gareji, ya ce sukari abincin mutanen birni ne da ba su san daɗin duniya ba.

Albina ta saurari shirin nasa tana wanke kwalabe, ba ta ko ɗago ba. Da ya gama ta ce, "Ga zuma nan a kwalba a kicin, ka ɗauka. Amma bokitin nan mai farin murfi da ke ɗakin ajiya, ko kallonsa kar ka yi. Ita ce mafi kyau a bana. Baba Metod da mutanensa za su ɗanɗana ta ranar, a gaban kowa."

Baba Metod shi ne dattijon masu kiwon zuma, abokin mahaifinta. Idan ya lasa cokali ya gyaɗa kai, sunanka ya zauna. Idan ya ajiye cokali bai ce komai ba, gara ka sayar da amyoyin ka koma kiwon zomo.

"Haba Albina, ni yaro ne?"

"Yaro ai yana jin magana."

Ya dafa, ya juye zumar kwalbar gaba ɗaya, ya barbaɗa yis, ya rufe. Duron ya kama gyatsa ta ɗan bututun da ke kan murfinsa, ɓul, ɓul, ɓul. Silvo ya jawo kujera ya zauna gabansa, duk wanda ya wuce sai ya kira shi ya zo ya ji. Da gyatsar ta lafa, ya ɗebo a kofi ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa. Babu zaƙi ko na misali. Salam take, da ɗan ɗaci a ƙarshe.

"Ina zumar ta tafi?" ya tambayi duron.

Ya yi nazari irin na manyan masana, ya gano cewa zumar ce ta yi kaɗan. Ranar Asabar, da Albina ta tafi kasuwa da kayanta, ya tsaya gaban bokitin mai farin murfi. Ludayi ɗaya dai. Wa zai ƙirga ludayi ɗaya? Ya ɗebo biyu, don kar ya yi sawu biyu.

Duron ya karɓi zumar nan da murna fiye da yadda aka so. Kumfa ta ture murfi ta malalo ƙasa, ta bi ƙarƙashin ƙofa ta fita tsakar gida. To a Agusta furanni sun ƙare, kowace amya a kwarin nan yunwa take ji. Ƙudan zuma ɗaya ya zo ya duba, ya koma ya kai rahoto. Kafin Silvo ya nemo tsumma, garejin ya cika da ƙugi. Ya yi tsalle ɗaya, bayan nan da likita ya ce ba ya lanƙwasuwa ya lanƙwasu, ya faɗa cikin mota ya ɗaga gilasai.

A nan Danilo ya same shi, sanye da hular raga, riƙe da gwangwanin hayaƙi. Ya ƙwanƙwasa gilashin.

"Mai giya, ina za ka ne? Ƙasar Cek?"

"Duba mai nake yi."

"Ta cikin mota?"

"Danilo, don girman Allah ka kore su."

"Ai 'yan uwanka ne suka zo gaishe ka. Rabinsu ma nawa ne, na gane su."

Ya kore su, ya wanke ƙasan da tiyo, amma ɗaya ya riga ya shiga motar ya yi aikinsa. Albina ta dawo ta tarar da leɓen mijinta ya kumbura ya rufe masa haɓa.

"Ƙofa ce ta buge ni," in ji shi.

Ta kama fuskarsa ta juya ta wajen haske, ta sa farce ta zare wani ɗan abu. "Ƙofar ta bar ƙarinta a leɓenka."

Mai hankali da ya tsaya nan. Silvo kuwa ya toshe duk wata kafa ta garejin da tsummoki, ya ci gaba. Idan ya zuba zuma ya ɗanɗana, zaƙi har kunne. Bayan 'yan kwanaki ya dawo, babu shi babu alamarsa. Abin ya koma gaba tsakaninsa da duron. Ya ƙara, duron ya shanye. Ya ƙara, ya shanye. Ya taɓa zargin Danilo da shigowa yana tsotse zaƙin da wata dabara ta 'yan kashe gobara. A waje kuma bakinsa bai huta ba. Ya gaya wa mai kawo burodi cewa sirrin yana cikin haƙuri, ya gaya wa fada, limamin cocinmu, bayan an tashi daga coci cewa sufaye ma haka suke yin tasu.

Ana saura kwana kaɗan, ya tura ludayi cikin bokitin ya ji ya daki ƙasa. Ya leƙa. Abin da ya rage bai kai rabi ba. Gumi ya karyo masa, ya zauna a kan buhun dankali yana kallon bokitin. Can sai ya tuna ledar da ke bayan tayoyi.

Ya ɗauki tukunyar Albina ta dafa 'ya'yan itace, ya narka sukarin har ya yi duhu. Na farko ya ƙone ƙurmus, ya ɓoye tukunyar a bayan itacen wuta ya ɗauko wata. Na biyu ya yi launin da yake so. Ya bar shi ya huce, ya juye a bokitin, ya juya har hannunsa ya gaji. Ya ɗaga ludayi, abin ya zubo baƙi, mai kauri, yana sheƙi. Tsoron ya tafi, alfahari ya dawo mazauninsa. Ya ce a ransa ko ƙudan zuma ba zai gane ba, abin takaici kawai shi ne ba wanda zai iya ba wa labarin wannan gwaninta.

Ranar ta zo da rana mai zafi. Tarakta ta jawo itacen, an ɗaura masa kambin ganye da ƙyallaye masu launi da allon nan na bakin titi mai lamba hamsin. An haƙa rami a ƙofar gida. Maza suka kasu gida-gida da dogayen sandunan tokarawa, mai akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, ya zauna a kan kututture, mata suna jera abinci a tebura. Yadda muke yi shi ne, a ɗaga kaɗan, a tokare, a huta a jiƙa maƙogwaro, a sake ɗagawa. Ba wanda ya san dalilin hutun da yawa haka, amma ba wanda ya taɓa neman a rage.

Silvo ya fito da atamfa a ƙugu irin ta masu gidan giya, yana cika manyan kofuna. Ransa bai kwanta da giyar ba, don har yau salam take, amma bakinsa ya sama mata suna.

"Mai sauƙi na yi muku, ta masu aiki. Ku sha kamar ruwa, ba ta da ƙarfi ko kaɗan."

Danilo ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya haɗiye. "Ba laifi," ya ce, da ganin bai so faɗa ba. "To ina zumar?"

"Tana ciki. Kunya gare ta."

Aka yi dariya aka shanye, aka miƙo kofuna. Ɗagawar farko ta tafi daidai. Ta biyu ma haka. A hutu na uku wani ya ce bai taɓa lura Danilo kyakkyawa ne ba sai yau. A na huɗu mai akodiyon ya maƙale a layi ɗaya na waƙa, yana zuwa ƙarshensa yana komawa farko. Itacen ya kai rabin sama, nauyinsa duk a kan sanduna.

"Na hagu, ku matsa!" in ji Danilo.

Na dama suka matsa.

"Hagu na ce!"

"Hagunka ko hagunmu?"

Danilo ya ɗaga hannayensa biyu ya dube su, ya kasa yanke hukunci. Sai ya fashe da kuka, ya ce karensa da ya mutu bara ya fi kowa sanin hagu da dama. Itacen ya karkata wajen rufin gidansa. Pavla ta ƙwalla ihu, "Rufina! Danilo, bana muka gyara shi!" Maza suka ture da ƙarfi, itacen ya juyo, ya tasam ma ɗakin amyoyin Albina. Ita ba ta yi ihu ba. Ta yar da farantin da ke hannunta ta cafki igiya, mata suka bi bayanta da takalman biki, suka ja har gindin ya zurma cikin rami. Aka cusa duwatsu da guntayen itace aka danne. Mlai ya tsaya, amma a karkace, kansa na leƙen garejin Silvo.

Mazan ba su ga karkata ba. Suka ce tunda aka kafa Lipovka ba a taɓa ganin miƙaƙƙe irinsa ba. Suka ɗaga Silvo a kafaɗa suna kiran sunansa, sunansa na gaskiya, Silvo, Silvo. Danilo ya sumbace shi a goshi ya ce duk wanda ya sake kiransa Namijin Zuma shi da shi ne. Silvo bai taɓa jin daɗi a rayuwarsa irin na lokacin ba, har ƙwalla ta cika masa ido.

Daga kan kafaɗun ne ya hango Albina ta ajiye bokitin mai farin murfi a babban tebur.

Dattawan masu zuma suna zaune a inuwa, ba su taɓa giya ba don kar ta ɓata musu harshe. Baba Metod ya goge cokalinsa na kansa da yake yawo da shi a aljihu, ya ɗebo, ya ɗaga wajen haske, ya sa a baki. Ya daɗe. Sannan ya ajiye cokalin a hankali, bai ce komai ba. Na kusa da shi ya lasa, ya sunkuyar da kai. Pavla ta tsoma yatsa, ta juya ta raɗa wa ta bayanta, raɗar da aka ji har bakin titi: "Sukari."

Albina ta ɗebo ta ɗanɗana da kanta. Fuskarta ta yi fari fat.

Baba Metod ya ce, "'Yata, ni na riƙe wa mahaifinki tsani ranar da ya kama taron ƙudan zumansa na farko. Gara da bai ga yau ba."

Ba ta kare kanta ba. Ta tsaya riƙe da cokali, a ranarta, a ƙofar gidan ubanta, hawaye na bin kumatunta. Silvo ya ga abin da zai biyo baya sarai: ba mai sake sayen kwalba ɗaya a hannunta, kuma jikokin Pavla ma sai sun ji labarin. Shi kuwa ba wanda ya kalle shi. In ya yi shiru, sunansa sabo ya zauna. Ya so ya yi shirun, ba zan ɓoye muku ba. Amma ya ce a sauke shi, ya hau benci.

"Jama'a! Ni ne. Ni na zuba sukarin."

Sai Pavla ta ce, "Allah sarki, yana rufa wa matarsa asiri."

"Ba rufin asiri ba ne, ni na yi!"

"Sauko, Silvo," in ji wani dattijo. "Wannan aiki ne. Sai an dafa, an juya, an daidaita launi. Kai yaushe ka taɓa yin aiki?"

"Na ce ni na dafa shi! Sau biyu ma!"

"Ka ji ko? Sau biyu. Da sau ɗaya ya ce, da mun ɗan yarda."

Ran Silvo ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci ba. Ya diro daga benci, ya ruga bayan itacen wuta ya dawo da ƙonanniyar tukunya, ya ruga gareji ya dawo da ledar sukari babu komai ciki, ya zube su a tebur. Albina ta dubi tukunyar da ta yi kwanaki tana nema. Har yanzu wasu na girgiza kai. Ya cika kofi da giyar ya dangwara gaban Baba Metod.

"Baba, in harshen naka na gaskiya ne, sha ka gaya musu inda zumarta take."

Tsohon ya shinshina, ya kurɓi kaɗan, ya lumshe ido. Sai ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da Albina ta shekara tana jira.

"Ga ta nan. Zumar kurmi, ban ɗanɗani irinta ba a bana." Ya buɗe ido. "Nawa ka zuba?"

"Fiye da rabin bokiti. Amma duk zaƙin guduwa yake yi."

"Ba guduwa yake ba, sakarai, yis ke cinye shi ya mayar da shi ƙarfi. Wannan ta fi ruwan inabi bugu, ka ba mutane a kofin ruwa suna ɗaga itace a kan gidaje!"

Danilo, wanda ke zaune a ƙasa rungume da gindin mlai, ya ɗago ya ce shi dai tun farko ya ji hagu da dama sun yi masa yawa.

Dariyar da aka yi ta kai har ƙauyen gaba. Baba Metod ya tashi da ƙyar ya cire hularsa gaban Albina, ya ce ta yafe wa tsoho, dattawan suka bi layi. Ita ta share fuska, ta ce kowa ya zauna ya ci abinci. Mijinta kuwa ko kallonsa ba ta yi ba har aka watse, kuma wannan ya fi dariyar yi masa ciwo.

Da safe ya fito ya tarar da ita a bakin ƙofa. Ta miƙa masa hular raga, da buhun sukari, da tukunyar da ya ƙona.

"Ka fara da kankare wannan. Lokacin ciyar da su ya yi, kowace amya sai an ba ta ruwan sukari kafin sanyi. Da ni nake yi. Tunda ka iya, daga bana kai ne."

"Albina, kin san yadda nake da su."

"Na sani. Da jiya ka yi shiru a kan kafaɗun nan, da yau na ajiye maka kayanka a waje yadda suke yi wa 'yan uwanka." Ta ɗaura masa igiyar hular a wuya da kanta, ta ja ta da ɗan ƙarfi. "Kar ka ƙona wannan."

Da ya kankare ta ya dafa, ya nufi ɗakin amyoyin da tukunya a hannu, ruwan sukarin na tangaɗi. Danilo ya leƙo ta kan shinge da jiƙaƙƙen tawul a ka.

"Sannu da aiki, Ma'aikaciya!"

Silvo ya tsaya, ya auna sunan. "Na karɓa," ya ce. "Ya fi na da."

Mlai ya yi wata guda a karkace, ba mu yarda an gyara shi ba. Har ya sauka, duk wanda ya bi ta ƙofar gidan zai tarar da Silvo a bakin shinge, ido ɗaya a kumbure, yana bayanin cewa a duk kwarin nan babu mai dafa wa ƙudan zuma sukari kamarsa. Albina tana jinsa daga kicin, kuma wannan karon ba ta ƙaryata shi ba.